Daga Ambursa zuwa Madina: yadda na auna nisan kafin in raka mahaifiyata

A farkon shekarar 2024, bayan mun kammala biyan kuɗin kujera biyu na aikin Hajji, tawa da ta mahaifiyata, na ci karo da wata tambaya da ban taɓa neman amsarta da gaske ba, duk da shekarun da na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Argungu. Inna ce ta yi mini ita wata rana bayan la'asar, tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafunta, waɗanda suka saba kumbura idan ta daɗe a wuri ɗaya. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Malam, wai tahiyag ga awa nawa ta? Kuma nisan kamar daga ina zuwa ina na?" Na amsa mata cewa ana cewa awa huɗu zuwa biyar. Ta ce ai maƙwabciyarmu da ta sauke farali bara ta gaya mata sun kusa awa bakwai a sama. Ban sami abin da zan ƙara ba. Inna ta haura shekara saba'in, tana fama da ciwon suga, kuma likitan da ke duba ta ya riga ya shaida mana cewa yana bukatar sanin tsawon zaman da za ta yi a cikin jirgi kafin ya tsara mata lokutan magani da abinci. Tsakanin awa huɗu da awa bakwai akwai tazara babba ga mai irin jikinta, don haka na ɗauki alkawarin cewa zan auna nisan da kaina.

Na fara da abin da ke kusa da hannu, wato babbar taswirar duniya da ke rataye a ofishin malamai. Na ɗora rula daga inda Birnin Kebbi take zuwa Madina, na ninka tsawon da ma'aunin da aka buga a ƙasan taswirar, sai lissafi ya ba ni fiye da kilomita 4,100. Daga nan na buɗe waya don in tabbatar, amma maimakon tabbaci sai ruɗani ya ƙaru, domin wani shafin intanet ya nuna mini kimanin 2,450, wani 2,130, wani kuma 3,950. Na kwana da waɗannan lambobi huɗu a rubuce a bayan littafin darasi. Da safe na sake duban su da natsuwa, na lura cewa uku na ƙarshe nisa ɗaya ne aka faɗa da ma'auni uku. Mil da muka gada daga Turawan Ingila kilomita 1.609 ne, mil na teku wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi kilomita 1.852 ne, kuma idan aka raba 3,950 da kowannensu sai a sami waɗancan lambobi biyu. Duk wanda ya karanta 2,130 ya ɗauka kilomita ne, ya yanke kusan rabin tafiyar ke nan bai sani ba, kuma ina kyautata zaton daga irin wannan ne wasu ke cewa Saudiyya ba ta wuce awa uku.

Saura lambar da rulata ta ba ni, wadda ta zarce sauran da kusan kilomita ɗari biyu. Laifin na taswirar ne. Duniya a dunƙule take, kuma kamar yadda ba a iya shimfiɗa ƙwarya a ƙasa ta kwanta sumul ba tare da ta tsage ba, haka ba a iya zana duniya a kan takarda sai an ja wasu wurare sun fi girmansu. Irin taswirar da ke bangonmu daidai take a kan layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, amma duk yadda aka nisance shi, arewa ko kudu, sai ƙasashe su riƙa kumbura. Birnin Kebbi tana kan digiri goma sha biyu da rabi arewa da ikwaita, Madina kuwa tana kan ashirin da huɗu da rabi, saboda haka layina ya bi ta inda takarda ta riga ta miƙe.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne ƙwallon taswirar duniya da ke ajiye a saman kabad na ɗakin kimiyya, wanda ƙura ta rufe saboda ba a cika saukowa da shi ba. Na goge shi, na samo zaren ɗinki baƙi, na danne bakinsa ɗaya da farce a ɗan gabas da Birnin Kebbi, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake a Ambursa, na ja ɗaya bakin zuwa Madina har zaren ya tsaya cak. Zaren da aka ja sosai a kan abu mai dunƙule ba ya kwanciya sai a kan hanya mafi gajarta, kuma ita ce hanyar da ake nufi duk lokacin da aka ce nisan sama tsakanin birane biyu. Na yanke zaren daidai, na kwantar da shi a kan layin ikwaita na ƙirga digirin da ya rufe, na samu talatin da biyar da rabi. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, idan aka raba shi gida 360 kowane digiri zai tashi da kilomita 111, don haka zarena ya ba ni kimanin 3,940. Abin da ya ƙara faranta mini rai shi ne mil na teku asalinsa kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri, kuma talatin da biyar da rabi sau sittin shi ne 2,130 ɗin nan da na gani a waya. Daga baya na zauna da kalkuleta na yi lissafin da ƙa'idarsa, da digirin filayen jirgin biyu da rabin faɗin duniya na kilomita 6,371, amsa ta fito ƙasa kaɗan da 3,950. Na yi wa Jidda irin wannan lissafi, tunda ta can ake dawowa, na samu kimanin 3,830.

Na daɗe ina kallon inda zaren ya kwanta. Bai nufi gabas sak ba, ya karkata arewa da kimanin digiri ashirin da biyar, ya ratsa kudancin Nijar, ya wuce ta arewa da Tafkin Chadi, ya keta hamadar arewacin Chadi, ya shafi kusurwar arewa maso yammacin Sudan da kudancin Masar, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Mu a nan idan za mu yi salla cewa muke yi mun fuskanci gabas, har kalmar gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu, amma da na matsar da zaren zuwa Makka sai na ga alƙiblarmu ta karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri ashirin. Lissafin da ake fitar da alƙibla da shi da wanda ake fitar da gajeriyar hanyar jirgi abu ɗaya ne. Na nuna wa ɗalibaina wannan a mako na gaba, kuma ban taɓa ganin sun saurari darasin kusurwa da irin wannan natsuwa ba.

Samun nisa rabin aiki ne, domin likita awa ya tambaya. Manyan jiragen fasinja suna tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin da ya kai kimanin kilomita goma zuwa goma sha biyu daga ƙasa. Idan aka raba 3,950 da 870 za a sami awa huɗu da rabi. Sai dai jirgi ba ya tashi da wannan gudu, ba ya kuma sauka da shi, akwai hawa da gangarowa da jiran izinin sauka, waɗanda ke cin kusan rabin awa. Akwai kuma iskar sama, wadda idan ta biyo bayan jirgi ta rage lokaci, idan ta tare gabansa ta ƙara. Na rubuta awa biyar a matsayin mafi ƙarancin abin da za mu yi tsammani.

To ina awa bakwai ɗin maƙwabciyarmu ta fito? Ba ƙari ta yi ba. Jirgi ba ya bin zare, yana bin hanyoyin sama da aka shata, kuma ba ya ratsa sararin wata ƙasa sai da izininta. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar makonni kaɗan kafin a fara jigilar alhazan shekarar, dole jiragen da ke zuwa Saudiyya daga Najeriya suka riƙa kewayewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin wannan shekara ita ma Nijar ta rufe nata sararin na wani lokaci. Waɗannan ƙasashe biyu kuwa duk suna kan zarena. Na koma wurin ƙwallon da sabon zare don in ga abin da kewaye ke ci. Da na bi ta arewa, na lanƙwasa zaren ta kudancin Libiya sannan Masar, ƙarin bai wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba. Da na bi ta kudu, na kai zaren Addis Ababa sannan na juya shi arewa zuwa Madina, sai ya haura kilomita 5,500, alhali ma ban gama kauce wa Sudan ba a wannan awon. Ƙarin kilomita 1,500 kusan awa biyu ne a sama, da man da za a ƙona a cikinsu, kuma wannan na cikin abin da ya sa maganar kuɗin jigila ta yi zafi a waccan shekara. A nan na gane cewa ni da maƙwabciyarmu duk gaskiya muka faɗa, ni na faɗi nisan da ke tsakanin biranen biyu, ita kuma ta faɗi hanyar da aka bi da ita.

Na kai wa likita takarda mai layi uku: awa biyar idan an miƙe, awa bakwai idan an kewaya ta kudu, sannan ƙarin awa ɗaya ko fiye na zaman kujera kafin tashi, domin shigar da mutum ɗari huɗu cikin jirgi, yawancinsu ba su taɓa shiga ba, ba ya ƙarewa da wuri. Ya ce mu yi shiri a kan mafi tsawo. Ya bayyana mana cewa zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, musamman ga tsofaffi, ya ce a nema wa Inna kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, tana kuma juya idon sawunta ko tana zaune. Ya ja kunnenmu a kan ruwa, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce, kuma ya san tsofaffinmu na ƙin sha don gudun shiga banɗakin da ba su saba da shi ba. Maganinta da na'urar gwajin suga da ɗan dabino su kasance a jakar hannu, kada su shiga babban kaya. Game da lokaci kuwa, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, sai ya ce in bar agogon hannuna a kan lokacin gida har mu sauka, in riƙa ba ta magani da shi, sannan mu matsar da lokutan a hankali cikin kwana biyu.

Da na dawo wa Inna da amsa ban kawo mata kilomita ba. Na ce, "Inna, kamar ki je Sakkwato daga nan sau arba'in ne, a jere ba tsayawa." Ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin ƙanin mahaifinta da ya tafi Makka a ƙasa tun tana yarinya, ya bi ta Kano da Maiduguri, ya shiga Fallomi wadda ake kira Njamena a yau, ya wuce Abeshe da Fashir har Kartum, yana tsayawa yana noma da ƙwadago don samun guzuri, kafin ya kai Sawakin ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta ce bai dawo ba sai da aka yi mata aure. Wannan ita ce tsohuwar hanyar mutanenmu, kuma da yawa ba su ƙarasa ta ba, suka zauna a Sudan, kamar mutanen garin Mayurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi kansa Malam Abdullahi na Gwandu ya taɓa ɗaura niyyar gabas a tsakiyar jihadi, bai wuce Kano ba ya komo. Na tuna kuma da abin da malamin bita ya karantar da mu, cewa nisan da ke halatta ƙasaru a mazhabarmu mil arba'in da takwas ne, wato kimanin kilomita tamanin. Jirgin da za mu shiga yana cinye wannan nisa cikin minti shida.

A ranar 15 ga Mayun 2024 aka ƙaddamar da jigilar alhazan Najeriya daga filin jirgin Ambursa, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo da kansa, kuma maniyyatan Kebbi ne suka fara tashi zuwa Madina. Namu jirgin ya biyo baya da 'yan kwanaki. Bayan an tantance fasfo da biza da katin rigakafi, an auna kaya, mun yi sallar azahar da la'asar a haɗe kamar yadda aka koya mana, aka fara kiran suna. Na roƙi wani dattijo da kujerar bakin hanya ta faɗo masa ya yi musanya da Inna, ya ce, "Ai uwa ta kowa ce," ya koma ciki ba tare da wani ja ba. Na duba agogo lokacin da ta zauna, ƙarfe ɗaya da minti biyar. Tayoyin jirgi ba su bar ƙasa ba sai biyu da minti goma. Awa guda ɗin da na ƙara a takardar likita ta tabbata tun ba mu motsa ba.

Da muka ɗaga na hango fadamar gulbi ta tagar da ke gefen dattijon, filayen shinkafar rani sun yi murabba'i murabba'i, sannan ƙasa ta koma ja, daga baya ta koma fari fat ba gari ba itace. Matuƙi ya yi sanarwa da Larabci da Turanci, wani jami'in alhazai ya maimaita da Hausa cewa tafiyar za ta ɗauki awa biyar da rabi zuwa shida. Inna ta riƙe tasbaha da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan gwiwata, har sai da jirgi ya daidaita ta sake ni. Bayan awa ɗaya na ce ta tashi mu taka. Ta ce kunya take ji ta riƙa ratsa mutane. Na ce, "Inna, umarnin likita ne, kuma ni zan shige gaba." Muka je ƙarshen jirgi muka dawo tana dafa kan kujeru ɗaya bayan ɗaya, kuma a zagaye na biyu wasu mata biyu tsararrakinta suka bi bayanmu. Na nuna mata yadda ake kulle ƙofar banɗaki da inda ake dannawa, na tsaya a bakin ƙofa har ta fito, daga nan ta yarda ta sha ruwa ba tare da na matsa mata ba.

Akwai abu ɗaya da na lissafa tun a gida amma ganinsa da ido ya girgiza ni. Tsakanin Ambursa da Madina akwai digiri talatin da biyar na gabas, kuma rana tana cin digiri ɗaya a minti huɗu, wato rana tana riga kaiwa tsaka a Madina da kimanin awa biyu da minti ashirin. Mai tafiya gabas da gudun jirgi yana tarar dare ne a hanya. A Argungu a ƙarshen Mayu sai kusan ƙarfe bakwai ake kiran magariba, amma agogon hannuna bai cika shida ba na ga hasken taga ya yi ja, ya koma shuɗi mai duhu, cikin 'yan mintoci ya ɗauke gaba ɗaya. Inna ta tambaye ni ko hadari ne ya taso. Na ce mata magariba ce, mu ne muka je muka same ta. Na gwada sugarta a daidai lokacin da ta saba, bisa agogon gida, na ba ta magani da abincin da aka raba.

Mun sauka a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ƙarfe takwas saura minti goma a agogona, wato goma saura minti goma na dare a Madina. Awa biyar da minti arba'in muka yi a sama, kuma idan na yi lissafi da matsakaicin gudun kilomita 800 a awa, har da hawa da sauka, mun ci kimanin kilomita 4,500, wato mun zarce zarena da fiye da ɗari biyar. Daga lokacin da Inna ta zauna a kujera zuwa lokacin da layinmu ya samu fita, awa bakwai da 'yan mintoci ne, bai wuce abin da likita ya ce mu shirya masa ba. Ƙafafunta sun ɗan tasa, sai da na sassauta mata maɗaurin takalmi, amma ta taka da kanta har wurin jami'an shige da fice, ba a nemo mata keken guragu ba. Muka rama magariba muka yi isha a wani gefe na filin kafin a kira mu zuwa motoci.

A cikin motar ta sake tambayata, a wannan karon da murya ƙasa ƙasa, ko saura nawa. Na ce daga nan zuwa Masallacin Annabi kimanin kilomita goma sha biyar ne, bai kai daga gida zuwa Ambursa ba. Ta gyara mayafinta, ta juya wajen taga tana salati, ni kuma na cire agogon hannuna na matsar da shi gaba da awa biyu, na rubuta lokacin maganinta na safe a bayan takardar nan mai layi uku.